Wuyan Rijiya da Ƙaramin Akushi

Rijiyar ƙauyenmu ni na haƙa ta. Ƙauyen yana yamma da Gumel, wajen Ɗanzomo, gidajensa ba su fi ashirin ba. Na haƙa ta a shekarar babbar yunwa, da damina ta ƙi, tsofaffin rijiyoyi suka ƙafe. Mu huɗu muka fara shiga. Biyu suka mutu kafin mu kai gaba goma. Ɗaya ya kama hanyar Kano, ban ƙara jin labarinsa ba. Sai ya rage ni a ƙasa, da taubashina a sama yana riƙe da igiya.

Abincinmu a lokacin anza ce da ake jiƙawa kwana da kwanaki don ɗaci ya fita, da ƙwayar ƙarangiya, da abin da mata suka tono a gidan tururuwa. Uwata ta rasu a shekarar. Matata ta fari ma, da 'ya'yanmu biyu. Suna kwance gabas da ƙauyen, ƙarƙashin wata aduwa. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

A gaba na goma sha biyu na iske marmara, jan dutsen nan da ke shimfiɗe ƙarƙashin yashi. Kaurinta ya kai kamu uku. Mai ƙarfi zai fasa ta daidai faɗin rijiyar. Ni ba ni da ƙarfi. In na ɗaga dagi sau goma sai na zauna. Don haka na fasa rami daidai jikina, inda zan ɗaga hannuwa sama in zurara. Jikina kuwa a lokacin ƙashi ne da fata. Wannan matsattsen wurin shi muke kira wuyan rijiya. Yashin da ke sama da shi mun tare shi da saƙar geza, saƙar kuma a kan marmarar ta zauna. Ƙasa da wuyan farin rairayi ne mai zuba. Ya yi ta zabtarewa har wurin ya zama kogo. Na kafa turaku inda na ga ya kamata, na ci gaba. A gaba na goma sha shida ruwa ya fito.

Da aka yi damina mai kyau, aka girbe gero, yayata ta tuƙa tuwo na farko. Ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu. Na zauna gaban akushin na rantse da Allah ba zan ƙara tashi in bar abinci a akushi ba, muddin ina numfashi. Kowa a lokacin yana da tasa rantsuwar.

Bayan haka na tafi Maigatari. Wani mai fataucin shanu ya sa na haƙa masa rijiya a bayan kasuwa. Ya ga ba ni da surutu, ba na ƙarya, sai ya zaunar da ni kusa da shi. A hankali na san shanu, na san masu su, na zama dillali. Aikin dillali zama ne. Tabarma, inuwa, magana kaɗan, a tafa hannu. Matan Filani suna kawo nono da man shanu. Mahauta suna aiko da tsire. Fataken arewa suna ajiye dabino. Wanda aka yi wa ciniki mai kyau ya aiko da akushi daga gidansa. Ni kuwa ga rantsuwa. Duk abin da aka ajiye gabana sai na ga gindinsa.

Na sake aure a can. Bazawara ce daga wajen Damagaram, ita ma yunwar ce ta koro ta. Ba mu taɓa zama mun yi hirar abin da kowa ya binne ba. Ita dai girki take yi. In ta dama fura sai ta sa zuma, in ta yi tuwo sai man shanu ya kwanta a kan miya kamar tafki. Ina ci tana kallo. Haka muke magana.

Shekara goma a haka. Wuyana ya ninku. Ciki ya riga ni shiga ɗaki. In na yi ruku'u sai numfashi ya tsaya mini a maƙogwaro. Na sayi goɗiya, don daga gida zuwa kasuwa ma sai na huta sau biyu. Mutane suna cewa hutu ya karɓe ni, Allah ya yi mini buɗi. Ni ma haka na ɗauka.

Wata ranar kasuwa, bayan an gama kai amfanin gona gida, wani ya tsaya a kaina ya yi sallama. Taubashina ne, wanda ya riƙe mini igiya. Ɗan kawuna ne, don haka tun muna yara yake ce mini bawansa.

Ya ce, "Ina neman wani bawana, siriri haka, mai haƙar rijiya. An ce nan yake zama."

Na ce, "Ga ni."

Ya zagaya ni sau ɗaya. Ya ce, "A'a. Kai dai ka cinye shi."

Masu shanu suka yi dariya. Na sa aka kawo masa fura. Da ya sha ya goge baki, sai ya daina wasa. Ya ce rijiya ta cike. Wasaki, gugan nan na fata, yana sauka ya dawo da laka. Mata suna fita da asuba neman ruwa, ba sa dawowa sai hantsi. Mai gari ya ce in bazara ta kama babu ruwa, tashi za a yi. Wasu za su gangara Gagarawa, wasu su haye ƙasar Faransa.

Na ce, "Ba maginan rijiya a ƙasar Gumel duka?"

Ya ce, "Mun ɗauko wani daga Gagarawa, mai hankali ne kuwa. Ya tambaya ko mai ita na raye. Muka ce yana raye. Ya ce to ba ya sa dagi a ciki."

Al'adarmu ce. Ba ka taɓa rijiyar wani yana da rai, sai in shi ya shiga da kai ya damƙa maka. Ba girman kai ba ne. Wanda ya haƙa shi ya san inda ƙasa ke da mugunta. Taubashina ya ce sun roƙi mutumin har ya yarda ya leƙa kawai. Ya wuce wuyan, ya ga kogon, ya ja igiya a fito da shi. Ya ce ko an ba shi ƙauyen duka ba zai taɓa rairayin nan ba, sai wanda ya kafa turakun ya nuna masa.

Na yi ƙoƙarin tuna wane gefe ne mai zuba. Na kasa. Hannuna ya sani, kaina bai riƙe ba.

Taubashina ya miƙe. Ya ce, "Yayarka ta ce a gaya maka. Ba ta ce ka zo ba. Ta ce a gaya maka kawai."

Na san abin da take nufi. In aka tashi, aduwar nan za ta zama daji. Kura ce za ta riƙa ziyara.

Kwana uku bayan haka na hau goɗiya na tafi. Yaya ta tsufa, ta ƙara ƙanƙancewa. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Sannu, Auta. Ka sha hanya."

Washegari aka taru a bakin rijiya. Aka ninka igiya biyu, mutum shida suka riƙe. Na tuɓe riga, na ɗaure bante, na yi bisimilla na zurara. Na iske wuyan inda na bar shi. Ƙafafu suka wuce. Cinyoyi suka wuce da ƙyar. Ciki ya ce nan ya tsaya. Na ɗaga hannuwa, na fitar da numfashi, na murɗa dama, na murɗa hagu. Dutse ya kama ni ko'ina. Na zama marfin tulu.

Daga sama na ji muryar taubashina. "Bawa, ka isa?"

Na ce, "Ku ja."

"Ka ce me? Mu sauko maka da fura?"

Na ce, "Ku ja, don Allah."

Sai da aka ƙaro mutum biyu. Na fito fatar cikina a ɗaye. Samari suna juya baya suna dariya, ban ga laifinsu ba. Wani ya ce a faɗaɗa wuyan mana. Na ce in aka taɓa marmarar, saƙar geza za ta sauka, yashin gaba goma sha biyu ya biyo ta. Sai a rasa rijiyar da wanda ke ciki. Na sa aka sake saukar da ni da karan dawa a hannu, na auna faɗin wuyan, na karya karan daidai nan. Da na fito na yanko geza ɗanya na lanƙwasa zobe mai faɗi daidai tsawon karan, na ɗaure. Na ɗaga shi na duba. Da wuya ka yarda mutum ya taɓa bi ta ciki.

Na ce wa mai gari ya ba ni zuwa bazara. Ya dubi zoben, ya dubi cikina, ya ce, "Allah ya iya."

Da yamma Yaya ta kawo tuwo a wani ƙaramin akushi mai tsage a baki. Na gane shi. Na uwarmu ne.

Ta ce, "Auta, ba ka yi laifi ba. Ci ka yi, ba sata ba. Amma rijiya ba ta san wannan ba."

Na ce, "Akwai rantsuwa a kaina, Yaya."

"Na sani. Ina wurin. Ka je wajen liman."

Na je. Liman ya ce rantsuwar da ta koma tana cutar da mai ita ana warware ta. Ya ce in ciyar da mabukata goma. Na ciyar. Amma rantsuwa ta fita daga wuyana, ba ta fita daga hannuna ba. Hannun ya saba sai ya share akushi. Yaya ta lura. Ranar da zan koma ta sa ƙaramin akushin a cikin jakata. Ta ce, "Ka share wannan. Ba wanda zai hana ka."

A Maigatari na rataye zoben a bangon ɗaki, na ajiye akushin gaban matata, na gaya mata yadda ake ciki. Da safe koko, ba zuma. Da rana kwaɗon zogale ko na tafasa da ɗan ƙuli, ko wake. Da yamma tuwon dawa da miyar kuka, cikin akushin nan, ba mai, ba ƙari. Nama ranar kasuwa kaɗai, shi ma tsoka biyu.

Ta ɗauki akushin ta juya shi. Ta ce, "Maigida, wannan ai na kaza ne."

Na ce, "Na uwata ne."

Ta ajiye shi a hankali. Sai ta ce, "So kake a ce na kasa riƙe miji? In fita rijiya mata su ce ga wadda ta busar da nata? Me na yi maka?"

Na ce, "Ba ki yi komai ba. Ruwa nake nema."

Ta yi kuka ranar. Amma da yamma tuwo ya zo a ƙaramin akushi. Loma bakwai na ƙirga. Na side shi har ya yi ƙyalli, na zauna ina kallon bango.

Goɗiyar na ba maƙwabcina aro. Kowace safiya bayan sallah nakan tafi rijiyar bayan kasuwa, wadda na haƙa wa mai gidana, in karɓi igiya daga masu shayar da shanu. Ranar farko wasaki bakwai na ja, na zauna a ƙasa ina haki kamar kare. Tafin hannuna da ya yi laushi kamar na amarya ya fashe. Masu shayarwa suka ce, "Dillali, me ya yi zafi?" Na ce su ba ni igiya. Da wata ya zagayo ina jan arba'in. Daga nan na fara bin masu kora shanu zuwa Gumel a ƙafa. Tafiyar farko sun riga ni isa da nisa. Cinyoyina suka goge juna har jini. Na shafa toka na dawo washegari.

Abin da ban yi zato ba shi ne mutane. A ƙasarmu, bayan abin da muka gani, ba wanda ke ramewa da gangan. Mai rama ko ciwo gare shi, ko arzikinsa ya karye, ko an yi masa sammu. Da rigata ta fara yawa sai aka fara zuwa dubiya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kawo saiwoyi a ƙulle, ta ce wa matata ta san wanda ya yi, wani dillali ne mai hassada. Mahauta suka ji tausayi, tsiren da suke aikowa ya ninka. Nakan raba wa masu shayar da shanu, sai aka ce ga shi nan, har sadaka yake yi, ya ji a jikinsa.

Wani Bafilatani da muka shekara shida tare ya janye shanunsa daga hannuna. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Kaɗo, dillalin da ke ramewa ga abinci a gabansa, akwai abin da ya sani bai faɗa ba."

Na ce, "Rijiya zan shiga."

Ya ce, "To ka gani."

Ban ƙara yi wa kowa bayani ba.

Wahalar jiki ba komai ba ce. Na san wahala. Abin da ya fi ƙarfina yunwar ce kanta. Shekara goma ban bar cikina ya yi kuka ba ko sau ɗaya. Yanzu in la'asar ta yi sai ya fara, da ya fara kuwa sai in ji ɗacin anza a harshena. Sai in ji kamar ana kirana daga cikin ɗaki da ƙaramar murya.

A wata na biyu na bi shanu har Gagarawa. Muka isa da yamma, ranar cin kasuwa. Ƙamshin nama ya tare ni tun daga bakin gari. Ban san lokacin da na zauna gaban mai tsire ba. Na ci. Na tashi na sha fura ƙwarya guda. Na dawo na ci waina da mai. Ba daɗi nake ji ba, gudu nake yi. Na koma bayan wani rumbu na kwanta, ciki kamar ganga, ina jin kunyar kaina. Da na koma gida zoben ya tsaya inda ya tsaya mako biyu da suka wuce.

Matata ce ke riƙe zoben. Kowace Juma'a kafin in tafi masallaci nakan ɗaga hannuwa sama, ta zura mini shi ta kai, ta ja ƙasa har ya tsaya. Ranar ta ja, ta sake ja, ta dube ni.

Ta ce, "Me ka ci a Gagarawa?"

Na gaya mata. Na gaya mata har da ɗacin anza da muryar. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ta fita ta hau rumbu, ta dawo da gero cikin tafin hannu, ta ƙulle a wani tsumma ta ɗinke bakin.

Ta ce, "Ka sa a aljihu. In ta taso maka ka taɓa. Waccan yunwar ba ta da rumbu a bayanta. Wannan tana da shi."

Na ce, "Wa ya koya miki?"

Ta buɗe bakin zanenta. Akwai irinsa a ɗaure, ya yi baƙi don daɗewa. Shekara takwas muna tare ban sani ba.

Ya yi aiki. Ba kullum ba, amma ya yi. In ciki ya yi kuka nakan sa hannu in murza ƙullin, in ji ƙwayoyin suna motsi, in sha ruwa, in tashi in yi tafiya. A hankali yunwar ta koma yadda na san ta ina yaro, ta mai dawowa daga gona. Tuwon dawa ya dawo da daɗinsa. Na manta cewa miyar kuka tana da ɗanɗano nata in ba a binne ta da mai ba. Barci ya gyaru. Wata rana na yi sujada na ɗago ban dafa ƙasa da hannu biyu ba, sai bayan sallama na lura.

Matata kuwa da ta yi kuka, ita ta zama dogari. Ɗan aiken mahauta ya zo ta mayar da shi daga zaure. Tsohuwar nan mai saiwoyi ta ce mata, "Yarinya, mijinki na ƙarewa." Ta ce, "Iya, ni ke auna shi. Saura yatsa uku."

Yatsa ukun nan su suka fi wuya. Zoben ya wuce ƙirji, ya wuce saman ciki, ya zo daidai cibiya ya zauna mako huɗu. Na ƙara wasaki. Na daina ƙuli. Na tafi Gumel na dawo rana ɗaya. Sanyi ya wuce, iska ta fara ɗumi, ganyen itatuwa ya zube.

Sai ga saƙo daga taubashina ta bakin wani mai jaki. Gida biyu sun tashi. Mai gari ya ce bayan kasuwa biyu shi ma zai ɗaure kaya.

Ranar ba Juma'a ba ce, amma na ce ta ɗauko zoben. Na fitar da numfashi duka. Ta ja. Ya kankare fata, ya tsaya, ta sa ƙarfi, ya faɗi a ƙafafuna. Muka tsaya muna kallonsa a ƙasa.

Ta ce, "Geza tana lanƙwasa. Dutse ba ya lanƙwasa."

Na ce, "Na sani."

Ta ɗauko ƙwaryar man shanun da ta yi wata huɗu tana tarawa ba mai ci. Ta ce, "Tafi da shi. Tunda ba ya shiga ciki, ya yi aiki a waje."

A ƙafa na tafi. Na kwana Gumel, na isa ƙauye da azahar. Taubashina yana zaune bakin rijiya. Ya miƙe ya sa hannu a goshi.

"Lale! Bawana ya dawo. Ina ka baro wancan?"

Na ce, "Yana hanya. Ɗauko igiya kafin ya iso."

Na ce a aika Gagarawa a kira maginin rijiyar nan. Na sa aka saro turakun ƙirya, gajeru, waɗanda za su bi ta wuyan. Da safe na shafe jikina da man shanu daga hammata zuwa gwiwa. Ƙudaje suka taru. Taubashina ya ce yau kura za ta yi sallah. Mutum huɗu suka riƙe igiya. Yaya tana tsaye nesa kaɗan da tulu a gefenta, babu komai a ciki.

Na sauka. Ƙafafu suka wuce, cinyoyi suka wuce. Ciki ya taɓa dutse. Na ɗaga hannuwa, na fitar da numfashi, na jira har na ji babu sauran iska. Na murɗa hagu, don na tuna ta hagu na fi fasa shi. Dutse ya riƙe ni kaɗan, kamar mai tambaya. Sai ya sake ni.

Ƙasa da wuyan duhu ne da sanyi. Na tsaya kan laka har idona ya saba. Ban yi tunani ba, hannuna ya tafi da kansa gefen arewa, ya iske turaku biyar inda ya bar su. Uku sun ruɓe. Bayansu rairayi ya kumbura, yana jiran a taɓa shi. Duk wanda ya fara kwasar laka daga tsakiya, da nan ya kwana. Na ga matakan da na sara a bango fiye da shekara goma da suka wuce. Ƙanana ne, kusa da juna, na mutumin da ba ya iya ɗaga ƙafa. Na taɓa ɗaya. Sannan na ja igiya a sauko da ƙirya.

Ranar farko turaku kawai na kafa. Ta biyu da ta uku laka, ƙwarya bayan ƙwarya, suna ja suna zubarwa. Laka, tsofaffin igiyoyi, fasassun tuluna, wasaki biyu, ƙashin akuya. Kowace rana sau biyu nake bi ta wuyan, kowace rana yana karɓar fata kaɗan. Da yamma Yaya takan kawo tuwo a ƙaramin akushi, don na zo da shi.

Rana ta huɗu da hantsi na ji sanyi a tsakanin yatsun ƙafa. Na durƙusa na share da hannu. Idon ruwan yana nan, gefen gabas, yana motsa rairayi a hankali. Na zauna ina kallo har ya rufe mini idon sawu. Na cika ƙwarya na ja igiya. Sai na ji guɗa daga sama.

Da na fito Yaya ta riga ta tace ruwan da bakin mayafinta ta sha. Ta yi dariya ta ce, "Akwai ɗanɗanon man shanu." Ita ce dariyarta ta farko da na gani tun muna da uwa.

Rana ta biyar na sauka da mutumin Gagarawa. Na kama hannunsa na ɗora kan kowane turke, na nuna masa gefen arewa, na nuna masa idon ruwa. Da muka fito na faɗa gaban mai gari da liman cewa na damƙa masa. Ba na so ƙauye ya sake jiran cikin wani.

Cikin gida biyun da suka tashi, ɗaya ya dawo da damina. Ɗayan bai dawo ba. Ni na koma Maigatari a ƙafa. Bafilatanin nan bai mayar mini da shanunsa ba, wasu suka zo. Goɗiyar na sayar. Na ci gaba da jan wasaki da safe har gwiwa ta hana. Nama nakan ci in an samu, man shanu ranar sallah. Akushin ya ƙarasa tsagewa, matata ta kai wa masassaƙi ya yi mini wani daidai shi. Ƙullin geron sau uku tana sake masa tsumma.

Yaya ta ƙara shekara bakwai a ƙauyen tana shan ruwan rijiyar. Da ta rasu, da shi aka yi mata wanka. Tana ƙarƙashin aduwar, kusa da uwarmu.